Ɗaya da Arba'in

Gidan Inna Dije mutum uku ne: ita, da babban ɗanta Tsalha, da autarta Hansatu. Ni tela ne, shagona na jikin zaurensu shekara ashirin ke nan, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani. Tsalha ya haura arba'in, ƙato ne, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Na taɓa ce masa ya riƙe mini shago in je masallaci, na dawo na tarar ya rungume ƙyauren yana ta gumi.

Hansatu ce ke ci da gidan. A zaure take haɗa bidiyon biki da suna, a wata tsohuwar kwamfuta mai akwati a ƙarƙashin tebur. Cikin akwatin akwai wani ɗan ƙarfe, bai fi kwalin ashana faɗi ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Ta ce irinsa ya yi wuyar samu, ranar da ya ƙone sai dai a rufe zaure, tukunyar Inna ta huta. Ana haka sai ga aiki mafi girma da ta taɓa samu: bidiyon saukar Alƙur'ani na ɗalibai sittin, a miƙa nan da Juma'a biyu. Kwamfutar kuwa sai jan ƙafa take. Hansatu ta ce akwai dabara: ana iya tilasta wa ƙwaƙwalwar ta yi saurin da ya wuce wanda aka ƙera ta da shi, amma sai an ƙara ƙarfin wutar da ke shigarta, kaɗan-kaɗan. In wutar ta gaza, ta tsaya cak. In ta yi yawa, ta soye.

Wata rana Hansatu ta gaji da jira, ta buga tebur ta ce, "Ko ta halin ƙaƙa, yau sai an sa kwamfutar nan ta yi gudu!" Ta shiga gida cin abinci. Ina kan keke ina ɗinki sai na ji ihu a bakin kasuwa. Na leƙa, me zan gani? Tsalha ya ɗora akwatin a baro, ya yi masa gammo da bargo, ya sheƙa a guje, wayoyi na jan ƙasa, kaji na watsewa. Sau biyu ya zagaya kasuwar kafin Hansatu ta tare shi, ba ko takalmi a ƙafarta.

"Yaya! Kashe ni za ka yi?"

"Wallahi ta yi gudu, Hansai. Har jakin Mati mai itace muka wuce."

Allah ya taimaka ba abin da ya kwance sai 'yar fanka guda ta cikin akwatin.

Wata rana kuma tana zaune gaban allo tana magana da kanta, ta ce, "Gudun ya ƙaru amma tana tsayawa. Sai na ƙara mata wuta kaɗan." Tsalha na bakin ƙofa, ya miƙe sumul. Can sai Hansatu ta ji ƙafarta na ɗumi, zaure ya cika da ƙaurin hayaƙi. Ta duba ƙarƙashin tebur, ga kasko da jan garwashi dab da akwatin. Ta ƙwalla ƙara, na ruga na yi waje da kaskon, har na ƙona babban yatsana, kwana uku ban iya riƙe almakashi ba. Na ce masa, "Kai, wane irin mutum ne kai?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba Tela, kaɗan ta ce. Garwashi uku kawai na ɗebo." Daga cikin gida Inna na ta sababi, wai wane ɗan banza ne ya kwashe mata wuta tuwo bai nuna ba.

Wata rana ta lura ƙwaƙwalwar na ɗaukar zafi, don duk wutar da aka ƙara zafi take haifarwa. Ta aike shi wurin wani mai gyaran waya a tasha ya karɓo wani farin mai a ɗan sirinji. Ya tambaye ta na mene ne, ta ce, "A ƙwaƙwalwa ake shafawa, ta yi sanyi." Sai bayan la'asar ya dawo, ya cire hula, ƙwalƙwal ɗin kansa fari fat kamar an yaɓa wa bango farar ƙasa, sirinji kuma wayam.

"Na gwada miki, mai kyau ne," in ji shi. "Tun daga tasha nake jin iska a kaina."

Hansatu ta zauna daɓas a ƙasa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ni na yi dariyar, har na soke kaina da allura. Washegari da ƙafarta ta je ta sayo wani.

Wata rana, ranar Alhamis ta ƙarshe, gobe za a miƙa aiki, Hansatu ta saita komai daidai, ta sa kwamfutar ta fara fitar da bidiyon, aikin da zai ci awa shida. Sai jiri ya ɗebi Inna a tsakar gida, dole a kai ta asibiti. Hansatu na gyara mayafi tana nuna wata lamba a allo, lambar ƙarfin wutar, ta ce, "Yaya, ka zauna nan. Ko me zai faru, kada ka bari ta wuce ɗaya da arba'in. In ta kai ɗaya da arba'in, ka zare wayar." Ita allo take nunawa, shi kuwa agogon bango da ke sama da allon yake kallo. Ya ce, "To."

Wajen ƙarfe ɗaya sai ga Sabi'u, mai gyaran wayar nan na tasha, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya. Ni dai ban taɓa son yaron nan ba, baki ya fi hannu. Ya leƙa allo ya yi tsaki ya ce, "Tsoro ne ya yi wa Hansatu yawa. Bari in nuna mata aikin maza, awa biyu ta gama." Ya tsayar da aikin, ya shiga inda ake saita wutar, ya danna abin da ya danna, ya sake kunnawa. Fanka ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Tsalha bai hana shi ba, don ba a ce masa ya hana kowa taɓawa ba. Idonsa na kan agogo. Ina alwalar azahar na ji kukan fankar ya ɗauke ɗif, sai muryar Sabi'u.

"Kai mahaukaci ne? Yanzu fa ta fara! Mayar da wayar nan!"

"Ɗaya da arba'in ta yi."

Sabi'u ya yi lallashi, ya yi zagi, ya kai hannu zai ƙwace. Tsalha ya naɗe wayar ya zauna a kanta. Wa zai ɗaga shi? Haka Injiniya ya gaji ya kama gabansa.

Da la'asar Hansatu ta dawo da Inna, ta tarar da allo baƙi ƙirin. Na ga hawaye ya zubo mata, ni ma zuciyata ta karye. Ta ce, "Yaya, ka gama da ni. Agogo na ce maka? Agogo?" Ya sunkuyar da kai. Na ce mata Sabi'u ya zo ya yi taɓe-taɓe. Ta kunna, ta shiga wurin saitin. Sai na ga ta dafe tebur.

"Innalillahi! Ɗaya da sittin da biyar ya sa. Har abin da ke kashe ta in ta yi zafi ya cire. Baba, da an bar ta a haka zuwa yanzu, toka zan tarar."

Ta mayar da lambar inda take, ta kunna aiki, fanka ta koma numfashinta na kullum. Sannan ta juya ta durƙusa gaban wanta ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Kai ka cece mu."

Tsalha bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ke da laifi, Hansai. Sai da na zare na tuna agogon nan na gaba da minti goma. Da wuri na cire."

An miƙa bidiyon kafin a tafi masallacin Juma'a. Agogon kuwa har gobe yana gaba da minti goma. Na ce a kawo in gyara, Hansatu ta ce duk wanda ya taɓa shi sai sun yi shari'a.