Mati da Dalma Mai Ciki

A gidan Inna Kande 'ya'ya biyu ne: Hudu, wanda in ya taso daga gona ba shi da abin sha'awa sai kwance rediyo da liƙa wayoyi, da ƙanensa Mati, magidanci da gemunsa, wanda in ka ce masa ya riƙe bakinsa sai ya sa hannu ya damƙe. Rediyon marigayi mijin Inna ta mutu, ita ce kuwa abokiyar hirarta. Tsohuwa ta ture kwano ta ce ba ta ƙara cin tuwo sai rediyon ta yi magana.

Wata rana Hudu ya gano waya ce ta ɓalle. Ya ce, "Mati, je kasuwa ka sayo dalma mai ciki," wato siririyar nan da man liƙi ke cikinta. Gwanin naka ya zaɓo ƙatuwar sandar dalma ta masu toshe bokiti, ya rungumo ta yana tafiya a hankali. Ya ce, "Yaya, duk rumfar ita ta fi ciki. Na tambayi wata nawa, mai kaya ya kore ni."

Wata rana kuma Hudu ya haɗiye takaici ya ce, "Tunda ba mai a cikinta, sayo man da zai sa ta kwanta." Sarkin basira ya dawo da man zafi, ya mulke dalmar tas, ya lulluɓe ta da zanen Inna. "A rage surutu, ta samu barci."

Wata rana Inna, wadda sai koko take ɗan kurɓa, ta kasa tashi salla sai da aka riƙe ta. Hankalin Hudu ya tashi. Ya daka wa Mati tsawa: "Ɓace min! Kada ka dawo sai da abin da zai sa rediyon nan waƙa."

Mati bai zame ko'ina ba sai gidan mai goge, ya tambaye shi me ke sa gogensa waƙa. Ya dawo da dunƙulen ƙaron da ake shafa wa tsirkiya. Hudu ya ɗaga zai jefe shi, sai ya tsaya ya shinshina, ya ji ƙanshin man liƙi sak. Ya yanki dalma, ya ɗiga ƙaro, ya ɗora ƙarfe mai zafi. Dalma ta kwanta luf. Aka murɗa, sai ga kiɗan goge.

Mati ya ce, "Da ƙaron malami na kawo, da yanzu wa'azi muke ji."

Inna ta share hawaye, ta ce a miƙo mata kwanon.