Rasuwar Bangon da ke Tsakanina da Hajo Mai Kitso

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Naja'atu Tambaya, mai shagon atamfa a unguwar Banikanni, nake sanar da rasuwar bangon katakon da ya raba shagona da na Hajo mai kitso. Sanarwa ta musamman ga 'yan gurup ɗinmu na WhatsApp, na Parakou da na Djougou, inda nake jan labari, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labarin yana rubuta maganarsa.

Marigayin siriri ne, ba shi da rowa, ba ya kwana da magana. Duk abin da mata suka faɗa ana tsefe musu kai, da ɗuminsa yake miƙo mini, in canja sunaye in raba wa 'yan wasa. A bakinsa muka samu dillalin da ya sayar wa surukai biyu sa ɗaya, da direban tashar mota ta Gare da ya kai gawa gidan da ake suna. Har yanzu ina jin "ƙiii" ɗinsa in na jingina, sai kuma "ke dai bari!" daga can ciki.

Gara ce ta ci shi a ɓoye. Ranar Talata ina manne da shi, waya a hannu, ya ce ga garinku nan, ya tafi da ni har gaban Hajo da matan da ke jiran layi. Mai gidan haya ya maye gurbinsa da bulo, kurman banza, ko tari ba ya ratsa shi.

Ya rasu ya bar ni, da ƙusoshi, da labarin da ya tsaya a tsakiya. 'Yan gurup sun ce in ban kawo ci gaba kafin Juma'a ba, Mourtala na Bariénou zai karɓi jan labarin. Mourtala fa! Mutumin da duk jarumin da ya faɗa hannunsa sai babur ya buge shi ya manta sunansa, in abu ya cakuɗe masa ya rubuta "ashe mafarki ne". Tir!

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a murhun Hachimou mai tsire, wanda ya roƙi gawar. Ba na buƙatar "ya haƙuri". Mai zuwa gaisuwa ya zo da abin da ya jiyo a unguwarsu, don ni na gwada zuwa kitson da kaina, ina sa ƙafa kowa ta yi gum, Hajo ta miƙa hannu ta kunna rediyo.