Rafin da Na Ce Yashi Ne

Ba zan taɓa mantawa da rafin nan na bayan Tsaskiya ba, ko da yake ranar da na fara ganinsa ban san rafi ba ne.

Ina sabon ma'aikaci a sashen tsare-tsare na ƙaramar hukuma aka tura ni ƙauyen Tsaskiya in jiyo bukatunsu kafin a rufe kasafin baɗi. Rani ne. Mai babur ya ratsa da ni wani kwari, ko ƙafa ban sauke ba.

A ƙofar gidan mai gari na yi bayani da muryar masu karanta labarai (na taɓa koyon aikin rediyo, har yau ban warke ba). Na ce kuɗin gwamnati ana sa shi inda zai amfani mutane mafi yawa, a fara da mafi gaggawa. Wani dattijo, Malam Isiya, ya ce su kwalbati suke so a kan rafi.

Na ce, "Baba, wane rafi? Yanzu na biyo wurin, yashi ne."

Ya ce, "Haka ne, yallaɓai. Yanzu yashi ne."

Na ɗauka hujjata ce ta yi ƙarfi. A jerin bukatun na rubuta rumfunan kasuwa a sama, kwalbati can ƙasa.

Tsakiyar damina aka tura ni duba rumfunan. Mai babur ya kashe inji a bakin kwarin. Jan ruwa ne ke gudu, masu zuwa cin kasuwa zaune da buhunansu suna jiran ya janye. Ga sababbin rumfuna can tsallake, ba kowa sai awaki.

Malam Isiya ne ya shigo ruwan da sandarsa ya kama hannuna. Takalma a ka, takardu a baki, ruwa har ƙirji, mutanen gari sun jeru suna yi mini sannu. Da muka haye na tambaye shi me ya hana shi musa mini ranar nan. Ya ce baƙo ne ni, ba a kunyata baƙo a gaban jama'a, kuma ya san zan dawo.

Sai da suka ƙara cin wata daminar a haka kafin kwalbatin ya shiga kasafi. Ƙa'idar dai ba ta da laifi, har yanzu ita nake koya wa sababbin ma'aikata. Na dai ƙara musu cewa idan dattijo ya yarda da kai da wuri, ka zauna ka sake tambayarsa.