Ranar da na kai Hajiya ɗibar ruwan jirgi

Ba zan taɓa mantawa ba, an yi wani zamani da duk faɗin Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda ya san jirgin ƙasa kamar ni. Ni na faɗi haka, majalisarmu ta bakin shagon tela kuma ta amince, tunda babu wanda ya taɓa shiga jirgi a cikinsu. A bakin layin dogo aka haife ni, a wani ƙauye kan hanyar Nguru, har nakan ce musu kukan jirgi na fara ji kafin muryar ungozoma. (Abin da ba na faɗa shi ne, ko makaranta ba a sa ni ba muka taso Kano, kuma tun daga nan ƙafata ba ta sake taka tasha ba.)

Shekarar da soja suka koma bariki ce, aka yi zaɓe. Ko'ina ka juya alkawari ake yi, ina jin iskar ce ta kaɗa ni. Lokacin ina neman auren Bilki, ɗalibar aikin jinya, gidansu a Tarauni. Kakarta Hajiya Yalwa ce ta raine ta, kawunnanta kuwa sun ce sai abin da tsohuwa ta yanke. Tsohuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Suna dai ta raɗa mini: Mai Surutu.

Hajiya na fama da ciwon gwiwa, har salla a zaune take yi, kuma abin yana ci mata rai. Wata rana na je gaisuwa na tarar tana murza ƙafa, sai bakina ya riga hankalina.

"Hajiya, ai maganin wannan ruwan jirgi ne."

Na ba ta labari. Da muna ƙauye, jirgi mai kwal yakan tsaya garinmu ya sha ruwa a wani ƙaton tanki, domin tururi ke tura shi, tururi kuwa sai da ruwa. Yana tsaye mai zuba kwal zai murɗa wani famfo a gefen kan jirgin, ruwa ya feso da zafinsa, mata su yi ta tara bokitai, tsofaffi su gasa ƙafa da shi. Har nan gaskiya ce, da idona na gani. Sai na ɗan ƙara gishiri, na ce an taɓa kawo wani gurgu a kan jaki, da ya gasa ya koma gida da gudu, jakin na bin sa yana haki.

Bilki ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, jirgin yanzu fa da man dizal yake tafiya."

Na ce, "To sai me? Ku da kuka bar itace kuka koma risho, kun daina tafasa ruwa ne?"

Wallahi haka na ɗauka. A tunanina tukunyar tana nan, makamashi kawai aka sauya mata.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Da zafinsa ake so ko? To da ni za a je. Shekaruna a Kano ban san jirgi na raba magani ba, sai da Allah ya kawo Mai Surutu."

Jirgi a lokacin ba kullum yake zuwa ba, sai da na tambayi rana. Muka ɗauki tasi da jarkoki, da baho, da tawul. Da muka isa tasha na zaunar da Hajiya a benci, na yi ta nuna mata abubuwan da ni ma ban san sunansu ba. Can sai ga jirgi. Tun daga nesa na ga ba irin wanda na sani ba ne. Babu baƙin hayaƙin nan mai turnuƙe sama, babu huci, babu dogayen ƙarafan da ke kai da komo a jikin ƙafafu. Wani dogon akwati ne mai tagogi, yana gurnani kamar janareta.

Duk da haka na ɗauki jarka na ratsa fasinjoji har gindin direba.

"Ranka ya daɗe, ruwan zafi za a taimaka mana da shi. Na tukunya."

"Wace tukunya?"

"Ta jirgi mana. Tsohuwa ce ba lafiya."

Ya dube ni, ya dubi jarkar, ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Bawan Allah bai so ya yi dariya ba, amma ta fi ƙarfinsa. Ya ce wannan inji ne irin na babbar mota, shi ke ba da lantarkin da ke juya ƙafafu. Ruwan da ke ciki na sanyaya inji ne, ko akuya ba a wankewa da shi. Masu tukunya kuwa tun yana sabon ɗauka aka ajiye su. "Wannan ba ya jin ƙishirwa, Malam. Shi ya sa ba ma tsayawa ƙananan garuruwa."

Kafin ya rufe baki 'yan dako da masu tallar rake sun kewaye ni. Na waiwaya in ga ko Hajiya ta ji. Ashe ta riga ta tuɓe takalmi, ta ɗan tattare zani, ta zura ƙafafu biyu cikin busasshen baho, tana jira.

Dariyar mutane ba ta dame ni kamar wannan ba. Ta yarda da ni ne, shi ya sa ta fito.

Muka kama hanyar komawa gida. Maganar direban ce ke yawo a kaina. Mahaifina rumfar shayi gare shi a tashar garinmu. Kullum nakan ji ana cewa kasuwa ce ta mutu muka taso, ban taɓa tambayar abin da ya kashe ta ba. Ashe ƙishirwar jirgi ce take ciyar da mu. Da aka ƙero wanda ba ya sha, ya riƙa wucewa, mai ƙosai da mai shayi suka bi shi da kallo. Wato injin da na je roƙo a wurinsa shi ne ya kawo ni Kano, ni kuwa sarkin masana jirgi ban sani ba. Tun ranar, duk abin da na baro ina yaro, sai na tambaya ko yana nan kafin in ɗauko jarka.

Da muka isa Tarauni, Bilki ta ɗora ruwa a risho ba tare da ta kalle ni ba. Hajiya ta sa ƙafa a ciki, ta lumshe ido. Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofa ina jiran a sallame ni sallamar ƙarshe.

Hajiya ta ce, "Mai Surutu, ka turo manyanka. Mutumin da zai ɗauki jarka ya tozarta kansa saboda ƙafata, ba zai bar jikata da yunwa ba."

Na buɗe baki zan fara godiya, ta ɗaga hannu.

"Amma ran da ta yi ko ciwon kai ne, don Allah kada ka nema mata magani. Ka aiko a faɗa mini."