Kaka a Gonar Gero

Da aka ba ni kaset ɗin bidiyon dawowar marigayi Kaka daga Hajji don a mayar da shi na zamani, cewa na yi kowa ya kwantar da hankalinsa, ai ni ɗan jami'a ne.

Mai juya kaset zuwa fayil a kasuwar Wudil ya tambaye ni, babban fayil ko ƙarami? Na ce ƙarami mana, mai shiga waya. Kaset kuwa na ba Kawu, ya warware zaren ya kewaye gonarsa don korar tsuntsaye.

Ranar Sallah aka kunna fayil ɗin a babbar talabijin. Dishi-dishi, wasu fararen abubuwa biyu na motsi. Goggo ta ce, "Wanne ne Baba, wanne ne ragon?"

Har yau in na je garinmu Utai, Kawu kan nuna gonar ya ce, "Injiniya, je ka gai da Kaka."