Ranar da Kaskon Turarena Ya Sauko da Mutanen Bene

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na koro mutanen bene guda waje ba, manya da yara, wata ma da kumfar sabulu a kanta, wai duk don ina so in taimaki mijina. Har gobe in na ji ƙararrawa ta ɗauki ƙara, ko da ta injin wanki ce, sai na zabura na fara neman ƙofar fita.

Muna zaune a Pantai Dalam, cikin Kuala Lumpur, can sama a wani dogon bene kusa da jami'ar da mijina, Abban Hanifa, yake digirinsa na biyu. Ni karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. (Turancina na sayen kifi ne: in nuna da yatsa, in ce "boleh?", wato "zai yiwu?" da yaren 'yan ƙasar, mai kifi ya gyaɗa kai, shi ke nan an gama ciniki.) Shi kuwa tun yana ɗan firamare ba shi da zance sai na zama lauya. Da karatunsa ya zo gangara sai ya ce zai nemi makarantar koyon aikin lauya a Kanada, amma ba sa ko kallon takardun mutum sai ya zauna jarrabawar shiga. Zaman da ya samu kuma shi ne na ƙarshe kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. In ya kuskure masa, sai baɗi, kuma kafin baɗi bizarmu ta ƙare.

Wata da watanni gidanmu ya koma makaranta. Littattafai masu kauri kamar bulo, ga agogon waya yana ƙirga masa lokaci. Wani abin mamaki, babu ko tambaya ɗaya a kan doka. Duk gardama ce. Rannan ina tsinke alayyahu ya ce bari ya gwada ni.

"Duk wanda ya ci tuwo ya ƙoshi. Audu ya ƙoshi. Ke nan Audu ya ci tuwo?"

Na ce, "To in ba tuwon ba, me ya ci?"

"Ai zai yiwu shinkafa ya ci."

Na ce, "To a kira Audun a tambaye shi mana, me ya yi zafi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya shi, amma can ƙasan raina ban ji daɗi ba. Ƙawata Maman Sadik da ke unguwar Cheras, digiri biyu gare ta, ita take duba wa mijinta rubutunsa kafin ya kai wa malaminsa. Ni kuwa iyakar gudummawata in cire batir daga kayan wasan Hanifa, in daina daka a turmi, in riƙa tafiya da sanɗa a gidana kamar ɓarauniya. Abu guda dai na iya: na iya karanta shi. In tambaya ta cije masa, sai ya kama jan gemu, sannan ya yi wani ɗan siririn tsaki da shi kansa bai san yana yi ba. In na ji tsakin nan, na san ranar abinci zai kwana a kula.

Jarrabawar a gida ake yin ta, a kwamfuta. Wata mata ce daga wata ƙasa za ta zuba masa ido ta kyamara tun daga farko har ƙarshe. Sai ya zagaya da ita ta ga falon, ta ga ƙarƙashin tebur, ta ga bayan labule. Ba mai shigowa, ba mai magana, shi ma ba ya tashi daga kujera. Ko inuwar mutum ta gifta, an soke. Ya maimaita min wannan har na haddace. A falo zai zauna, dab da ƙofar shigowa, don nan ne intanet ya fi ƙarfi. Muka shirya cewa zan goya Hanifa mu sauka shagon mamak da ke ƙasa, inda Indiyawan nan Musulmi suke sayar da shayi da gurasarsu da ake kira roti, mu zauna har sai ya kira.

Ana gobe jarrabawa na kira Mama a Kano, don ta sa mu a addu'a. Ta yi addu'ar, na shafa. Sai ta ce, "Kin dai turara masa ɗakin ko?"

Tun za mu taho ta cusa min wani ƙulli a jaka: habbatussauda, da kajiji, da ɓawon wani icce da har yau ban san sunansa ba, wai maganin baki da ido. Na ce, "Mama, ya hana. Ya ce atishawa yake sa shi. Kuma in an fara ba a shiga."

Sai ta ce, "Ke suka hana shiga. Hayaƙin ma sun hana shi?"

Jama'a, wannan maganar ce ta kai ni ta baro.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsautsayi ne ya faɗo min daga sama ba. Da hannuna na sa kasko a jakar kayan Hanifa, ƙarƙashin kunzugu, da ashana, da gawayin nan na shagon Larabawa mai kamawa nan take, da maficina na kaba. Na ce wa kaina ai ba amfani zan yi da su ba, don ko-ta-kwana ne kawai. (Daga baya lauyan gidanmu ya yi min bayanin cewa a kotu wannan shi ake kira aikata laifi da shiri.)

Da safe ya sa farar riga mai kwala, gugar hannuna, ya taje gemu. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa zanen nan na mazan Maleshiya ne da ya koyi ɗaurawa, tunda kyamara ba ta kai wa can. Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Abban Hanifa." Ya ce, "Amin. Don Allah, Maman Hanifa, har ƙasa." Na ce, "Har ƙasa."

Na kai har bakin lif, wallahi na kai. Sai na ce bari in ɗan tsaya in ji ya fara lafiya. Na dawo da sanɗa na manna kunne a ƙofa. Na ji muryar matar, na ji tasa, sai shiru. Hanifa ta yi barci a bayana, ƙafata har ta fara sanyi. Ina shirin juyawa ke nan sai na ji shi: tsakin nan. Can kuma wani. Na uku ma ya biyo baya, ya fi na farko tsawo.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na kunna gawayi, na barbaɗa garin Mama, na tura kaskon bakin ƙofa, na kama fifita ina karanto duk abin da ya zo bakina. To ƙasan ƙofar tamu matsattse ne, hayaƙin sai ya daki katako ya yi sama. Da na ga haka, maimakon in yi hankali, sai na ce ƙila kaɗan na zuba. Na ƙara. Na kuma ƙarawa. Ƙarshe dai na zazzage ƙullin gaba ɗaya.

A saman ƙofarmu akwai wani farin abu zagayayye manne da silin, mai ɗan jan haske yana ƙyaftawa. Tun ranar da muka tare na lura da shi, ni da ba abin da yake wuce ni. Na yanke wa kaina hukuncin kyamarar masu gadi ce. Kullum in zan wuce ƙarƙashinsa sai na gyara hijabi. Ranar ma, da na tuna da shi, juya masa baya na yi don kada su ga fuskata.

Sai duniya ta tsage.

Wata ƙara ce da ban taɓa jin irinta ba, daga kowane hawa a lokaci guda, kamar a cikin haƙorana ake buga ta. Hanifa ta canyara ihu. Ƙofofi suka fara buɗewa. Makcik Salmah, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta fito da kyanwarta a hammata tana kiran "Api! Api!", wato wuta. Ta ga hayaƙi ya cika baranda, ta ga mace da goyo, ba ta tsaya duba ƙasa ba ta fizgi hannuna muka yi matakala. Ni kuma, Allah ya gani, a daƙiƙun farko har ga zuciyata na ɗauka gobara ce ta tashi a wani wurin. Ina gudu ina cewa, "Wayyo, yau da ake jarrabawa wani mara hankali ya ta da wuta!"

Sai da muka yi nisa a matakala, ina jin wani mutum a bayana yana tari yana tambayar wane irin abu ne ke ƙonewa mai ƙamshi haka, sannan na gane wace ce mara hankalin.

Filin ajiye motoci ya cika. Ga ɗalibai 'yan Indonesiya da kwamfutocinsu a ƙirji, ga wani tsoho ɗan Sin an sauko da shi a kan kujera, ga mai kumfar sabulun nan da tawul. Na kutsa tsakiyar mutane na sunkuyar da kai, ina fatan ƙasa ta buɗe. Sai ga Abban Hanifa ya fito daga matakala a guje, ba takalmi, farar riga a sama, zane a ƙasa ya riƙe shi da hannu ɗaya, yana waige-waige. Da ya hango mu sai ya taho ya dafa kan Hanifa, ya dafa kafaɗata.

"Alhamdulillahi. Kuna lafiya? Na ɗauka kuna cikin lif."

Bai yi maganar jarrabawa ba. Wannan ya fi komai kashe ni.

Motar 'yan kwana-kwana ta iso da jiniya. Suka hau, muka yi ta jira a rana. Can sai ga su sun sauko ba ko gumi, mai gadinmu ɗan Nepal yana gaba, ya ɗago wani abu da ƙyalle kamar ya kamo ɓera. Kaskona ne. Na ƙasa, mai zanen fulawa, wanda aka sa min a kayan ɗaki. Ya ɗaga shi sama yana juyawa kowa ya gani, yana tambayar na wane ne.

Kowa ya kama kallon na kusa da shi. Abban Hanifa ya juyo ya zuba min ido. Kaskon nan ya san shi kamar yadda ya san fuskata.

Saura kaɗan in sha a gaban mutane. Amma Makcik Salmah ta matso, ta kama bakin hijabina ta shinshina. Sannan ta kalli hannuna. Ni ma na kalla. Ashe duk gudun nan da na yi, tun daga sama har ƙasa, maficin yana hannuna, na ƙanƙame shi kamar sandar sarauta. Na yi wuf zan tura shi cikin hijabi, sai Hanifa ta kama shi ta baya tana ja.

Makcik ta ce da ƙarfi, yadda har na bayan fili sai da suka ji, "Aiyo, ke ce lah!"

Babban 'yan kwana-kwanan ya tambaye ni me nake dafawa a baranda. Abban Hanifa ne ya yi tafinta, da zanensa a hannu. Ban ji duk Turancin ba, amma na ga lokacin da ya kai kan bayanin hayaƙi ta ƙarƙashin ƙofa, don mutumin ya cije leɓe ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi. Suka ce farin abin nan na silin ba kyamara ba ne, na'urar jin hayaƙi ce mai ta da ƙararrawa. Suka yi min nasiha mai tsawo, na yi ta cewa "sori, sori". Mai kumfar sabulu dai ba ta yi dariya ba.

Da muka koma sama na zauna a bakin gado ina kuka, ina jiran faɗa. Shi kuma ya koma kan kwamfuta ya daɗe. Da ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

"Matar da ke gadina ita ta fara ganin hayaƙin yana shigowa ta bayana. Ita ta ce in tashi in gudu. Na rubuta musu gaskiyar abin da ya faru, ban rage komai ba. Sun ce tunda ita ta tashe ni, ba a soke ba. Sun ba ni wata rana a mako mai zuwa."

Na ce, "Ka rantse."

"Wallahi." Ya zauna kusa da ni, ya ja gemu. "Kuma bari in gaya miki abin da ba zan maimaita ba. Kashin farkon nan na jarrabawar ya gama da ni. Kaina ya kulle, ina karanta layi ɗaya ina sake karantawa, ban ko kai rabi ba lokaci ya kusa cika. Da an ƙarasa a haka, da na faɗi."

Na share hawaye na ce, "Na sani. Na ji tsakinka."

"Wane tsaki? Ni ba na tsaki."

Ban ja da shi ba. Wadda ta tara 'yan kwana-kwana ba ta da bakin gardama.

Ranar zama na biyu da kansa ya raka ni tashar jirgin ƙasa, ya zazzage jakar Hanifa a gabana ya duba har cikin kunzugu, ya tsaya sai da ya ga jirgin Cheras ya tashi da mu. A gidan Maman Sadik na wuni, ina jan carbi, ita kuma tana ba duk wadda ta shigo labarina. Sakamako ya fito da kyau, sun ɗauke shi. Masu kula da benen kuwa suka manna hoton kaskona a cikin lif, da jan layi a gicciye a kansa. Har muka bar gidan yana nan, kuma duk wanda muka haɗu da shi a lif sai ya kalli hoton, ya kalle ni, ya kalli silin.

Da na gaya wa Mama duk yadda aka yi, na ɗauka za ta jajanta min. Sai cewa ta yi, "To ba ga shi ba? Da ba ki turara ba ai da ya faɗi. In za ku Kanadan zan aiko miki da babban ƙulli."

Na ce ta bar shi, na gode. Na gane addu'a tana iya shiga ɗaki ba sai an tura ta da mafici ba. Kuma yanzu duk gidan da na shiga, kafin in gaida masu gida, silin nake fara gaisarwa.