Kwalbar da na rubuta wa "lafiyayye"

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a ƙaramin asibitin wata masaƙa a Kakuri, cikin shekarun 1980. A wancan zamanin ni ne dodon masu ciwon suga. Duk wanda ya kawo jini ko fitsari sai ya sha wa'azi, musamman Baba Audu, wani tsohon direba da na taɓa yi wa faɗa har ya cire hula yana ba ni haƙuri.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni ma nawa sugan ya fara hawa. Kullum kafin aiki sai na tsaya wurin mai shayi a Makera, suga ƙwaya shida da madara mai kauri (rake kuma na la'asar ne, ba na lissafa shi). Dabarata mai sauƙi ce. In gwajin ma'aikata ya matso, sai in ƙaurace wa zaƙi kwana biyu, sakamako ya fito fes.

Sai likitanmu, Dokta Pam, ya dawo daga karatu da sabon gwaji. Ya ce suga yakan manne wa sinadarin da ke sa jini ja, kuma in ya manne ba ya sauka. Za a ɗiga jini a kan wani faranti, a sakar masa lantarki, mai sugan ya ware gefe a auna yawansa. Ya ce a waje har akwai na'urar da ke auna nauyin gutsattsarin sinadarin, ta gane wanda suga ya hau. Mutum ɗaya za a tura kwas ya koyo, ko ni ko abokiyar aikina Ladi. Ni har na sa tela ya fara ɗinka mini kwat.

Ya kuma ce gwajin yana tona abin da mutum ya sha wata biyu zuwa uku baya. Wannan ban ji ba, hankalina yana kan kwat.

Ranar nuna wa manajan masaƙar gwajin, aka ce in tanadi jini biyu, na mai ciwo da na lafiyayye, don a kwatanta. Na ɗebi na Baba Audu. Na lafiyayye kuwa na ɗebi nawa, tunda na yi kwana biyuna ba shayi. Na rubuta wa kwalbar "lafiyayye" da manyan baƙaƙe.

Sakamako ya fito. Lafiyayyen ya fi Baba Audu suga nesa ba kusa ba.

Maimakon in yi shiru, sai na gyara tsayuwa na ce, "Dokta, injin nan ne. Wutarmu ba ta da ƙarfi." Aka sake. Na ce faranti ne ya sha zafi a hanya. Aka sake na uku, manaja yana duba agogo.

Dokta Pam ya cire tabarau. "Malam, jinin wane ne wannan? Ko waye, a nemo shi yau, yana bukatar magani."

Ladi ta juyo. Audugar da ke manne a hannuna kawai ta kalla, sai kowa ya bi idonta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Baba Audu, da ke zaune a benci yana jiran sakamakonsa, ya ce a hankali, "Malam, ni dai tun da ka yi mini faɗa na daina. Kai ba ka samu mai yi maka ba ne?"

Ladi ce ta tafi kwas. Dokta ya ce ciwon ba laifi ba ne, amma wanda zai ɗora wa inji ƙarya sau uku bai shirya riƙe babban aiki ba. Kwat ɗin na sa shi ranar rakiyarta tasha.

Abin da na koya shi ne, mutum zai iya yi wa likita wayo, amma jininsa yana ajiye labari. Daga nan duk wata ina bin layin masu suga, Baba Audu yana tsare mini wuri a bayansa.